KAMA DA WANE BA TA WANE: SHARHI A KAN DA'AWAR TUSHEN HAUSA A WAƘAR KALIFSO

1.0 Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen da aka yi game da kaɗe-kaɗen tsibiran Karibiyan akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wadda ta shafi Hausawa kai tsaye, amma masana Hausa ba su cika tanka mata ba. Maganar kuwa ita ce, wai sunan shahararriyar waƙar nan ta tsibirin Tirinidad, watau kalifso, wadda mutanen tsibirin ke kira "kaiso", ya samo asali ne daga kalmar Hausa "kaico" ko "kaito". Wanda aka fi jingina wa wannan ra'ayi shi ne Errol Hill, masanin wasan kwaikwayo ɗan asalin Tirinidad, a wata maƙala da ya buga a 1967. Tun daga lokacin marubuta suka yi ta ɗauka daga hannun juna, har maganar ta zama kamar abin da aka gama shari'arsa.

Lalle magana ce mai daɗi a kunnen Bahaushe, kuma daɗin nan shi ne hatsarinta, domin ɗalibi yakan ɗauke ta ya sa a kundin digirinsa ba tare da ya juya ta ba. Manufar wannan maƙala ita ce a auna da'awar da ma'auni uku, watau sauti da ma'ana da tarihi. Sa'an nan a jera kalifso da waƙoƙin ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bici da Ɗambatta, don a ga inda kamar take, da kuma iyakar abin da kama ke iya tabbatarwa.

2.0 Yadda Kalifso ta Taso

Tirinidad tsibiri ne da ke daf da gaɓar ƙasar Benezuwela. Sifaniyawa ne Turawan da suka fara mallakarsa, amma bai cika da jama'a ba sai bayan 1783, sa'ad da aka ba mabiya ɗariƙar Katolika izinin su zo su zauna. Faransawa masu gandaye suka kwararo daga tsibiran maƙwabta tare da bayinsu. Ingilishi sun ƙwace tsibirin a 1797, amma harshen talakawa ya ci gaba da zama wani gaurayen Faransanci da ake kira Kiriyol. An soke bauta a 1834, bayi suka sami cikakken 'yanci a 1838.

Daga nan ne bikin Kanibal, wanda ake yi gab da azumin Kirista, ya koma hannun 'yantattu. Kowace unguwa tana da ƙungiyar masu wasan sanda da ake kira kalinda, kowace ƙungiya kuma tana da mawaƙinta, shantuwel, wanda ke zuga gwaninsa yana kushe abokin karawa, jama'a na amshi. A 1881 aka yi arangama tsakanin masu biki da 'yan sanda, a 1884 kuma doka ta hana kiɗan ganga a tituna. Mutane suka koma buga gora, daga baya suka koma garewani da duroman mai, har aka ƙago gangar ƙarfe wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940. Wajen 1900 waƙoƙin suka fara barin Kiriyol suna komawa Ingilishi. An ɗauki faifan farko a birnin New York a 1912. A shekarun 1920 aka fara kafa rumfunan da ake biyan kuɗi a shiga a saurari mawaƙa, a 1934 kuma gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta ba ta ikon tace baitoci. Mawaƙi Raymond Quevedo, wanda aka fi sani da Atilla, ya shiga majalisar dokoki a 1950. Tauraron Mighty Sparrow ya fito a 1956, a shekarun 1970 kuma Lord Shorty ya fito da salon soka. Wannan ita ce waƙar da ake so a ce Hausa ta raɗa mata suna.

3.0 Kaico da Kaiso

3.1 Sauti

"Kaico" da "kaito" duk Hausa ce. Dangantakar t da c kuwa sananniya ce ga duk wanda ya karanta ganɗantawa, kamar a "mota" da "motoci", ko "sata" da "sace". Haka s kan koma sh, kamar a "fansa" da "fanshi". Amma babu wata sananniyar ƙa'ida a Kananci ko Katsinanci ko Sakkwatanci ko Zazzaganci da ke mayar da t ko c ya zama s. Ke nan idan canjin ya auku, a Tirinidad ya auku. To, a nan ma da sauran aiki, domin harshe yakan musanya baƙon sauti ne idan ba shi da shi, kamar yadda Hausa ta mayar da p na Ingilishi ya zama f. Kiriyol kuwa tana da t, tana kuma da c, har ma kalmarta ta zuciya da shi take farawa. Ingilishi ma yana da su duka biyu. Ba a ga abin da zai tilasta wa mutumin Tirinidad ya ce "kaiso" in "kaico" ya ji ba.

3.2 Ma'ana

Bahaushe yana cewa "kaico" ne a wurin takaici ko nadama ko tausayi. Manomin Minjibir da ruwa ya ɗauke masa gero na cikin bununi, shi ne mai cewa kaico. Wanda ya yi sake damarsa ta wuce yakan ce "kaicona". "Kaiso" kuwa ihun yabo ne da masu sauraro ke yi idan mawaƙi ya ƙayatar. A dandalin Hausa, idan makaɗi ya burge, guɗa ake yi, ko a ce "yauwa", ko "sai kai", ko "a gaishe ka", ko a tashi a yi masa kari. Da wani zai miƙe ya ce wa makaɗi "kaico", da sai a ɗauka tsiya yake nema.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa a gefen da'awar ita ce ta wani tsohon salon kalifso da ake kira da Faransanci "sans humanité", watau "babu tausayi", inda mawaƙa biyu ke yi wa juna tsirara da baki. Bahaushe ma yakan ce wane ba shi da kaico, watau bai cancanci a ji tausayinsa ba. Ana iya ƙaddara cewa 'yan kallo sun riƙa cewa "kaico" cikin gatse ga wanda aka kayar, har kalmar ta rikiɗe ta zama ta jinjina ga wanda ya kayar. Wannan tunani ne mai ma'ana, kuma ya kamata a yaba wa mai shi. Sai dai gada ce da aka gina da "mai yiwuwa" tun daga wannan gaɓa har waccan.

Ga shi kuma akwai mai neman gadon da ya fi kusa. A harsunan Ibibiyo da Efik na kudu maso gabashin Nijeriya, "ka iso" na nufin "ci gaba", kalma ce ta ƙarfafa guiwa. Sautinta bai bukaci gyara ba, ma'anarta ma haka. Akwai kuma masu kai sunan ga Faransanci ko Sifaniyanci. Ko da ba a yanke hukunci a tsakaninsu ba, a fili yake cewa "kaico" ba ita ce a sahun gaba ba.

3.3 Tarihi

A 1813 Ingilishi suka yi rajistar bayin Tirinidad, suka rubuta ƙabilar waɗanda aka haifa a Afirka. Nazarin da B. W. Higman ya buga a 1984 ya nuna cewa kaso mafi tsoka ya fito ne daga gaɓar Biyafara, watau Ibo da waɗanda ake kira Moko, cikinsu har da Ibibiyo, sai kuma mutanen Kwango. Hausawa 'yan kaɗan ne.

Wannan ba ya nufin Hausawa ba su ƙetare teku ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an kama mutane da yawa an sayar da su kudu, ta ƙasar Nufe da ta Yarbawa, har bakin ruwa. Akasarinsu Bahiya ta Birazil aka kai su, inda suka yi bore a 1807 da 1814. Waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku an sauke su a Firitawun ta Saliyo, inda J. F. Schön ya fara tattara kalmomin Hausa da ya buga a 1843, Koelle kuma ya sami mutanen Kano da Katsina a cikin masu ba shi bayani don littafinsa na 1854. Daga 1841 aka riƙa kwasar wasu daga Saliyo zuwa Tirinidad aikin ƙodago. Maureen Warner-Lewis, wadda ta zanta da jikokinsu, ta ambaci Hausawa a cikinsu a littafinta na 1991. Saboda haka ƙofa ba a rufe take ruf ba. Amma jama'a ce ƙarama, ba kamar Yarbawa ba, waɗanda har waƙoƙinsu na bauta suka wanzu a tsibirin da harshensu. Har ila yau, sunan "Hausa" a takardun fataken bayi ba kullum yake nufin haifaffen ƙasar Hausa ba. Sau da yawa yana nufin duk wanda ya biyo ta hannun fataken Hausa har ya tsinci harshen.

4.0 Tarkon Kamannin Sauti

Misalai uku za su ƙara fito da hatsarin dogara ga kunne kaɗai. A ƙauyukan Tirinidad akwai aikin taimakon juna da ake kira "gayap", inda maƙwabta ke taruwa su yi wa mutum noma ko gini, shi kuma ya ciyar da su. Herskovits da matarsa sun bayyana shi a littafinsu na 1947 kan ƙauyen Toco. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce ai gayya ce, ga sauti ga ma'ana. Amma a Benezuwela, wadda ke tsallaken ruwa kaɗan, wadda kuma 'yan ƙodagonta suka cika gonakin koko na Tirinidad a ƙarni na 19, ana kiran irin wannan aiki "cayapa", har da p ɗin da gayya ba ta da shi. Maƙwabci na kusa ya fi ɗan'uwa na nesa ƙarfin hujja.

Na biyu, a tsibirin Haiti akwai wani abin kiɗa na ƙwarya da tsirkiya, kakan banjo, wanda Victor Schoelcher ya kai samfurinsa Faransa a farkon shekarun 1840. A ƙira ya yi kama da gurmi, irin wanda Haruna Uji ya shahara da shi. Sunansa kuwa "banza". Babu mai hankalin da zai ce daga Hausa sunan ya fito, domin ma'anar ta yi hannun riga, kuma masana sun fi karkata ga harsunan yankin Kwango da Angola. Amma da a ce kalmar tana da ma'ana mai daɗi a Hausa, da tuni wani ya yi da'awarta.

Na uku shi ne misalin da ya tsaya da ƙafarsa. Adashi a Tirinidad sunansa "susu", da Yarbanci kuwa "esusu". Sauti ya dace, ma'ana ta dace, ga kuma tarihin zuwan Yarbawa da yawa. Inda duwatsun murhu uku suka cika, nan tukunya ke zama.

5.0 Kalifso da Waƙar Karkarar Kano

Idan an bar suna aka koma ga aiki, kamar ta fi fitowa. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, wadda Michael Mortimore da Polly Hill suka yi nazari, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ana nome ta kowace shekara da ƙarfin taki, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakani. A irin wannan wuri kowa ya san sirrin kowa, kuma waƙa ita ce kotun da ba ta da alƙali. Mai gangar noma a wurin gayya yana yi wa gwanin noma take, yana jifan rago da habaici. Da kaka ta yi sai dambe da kokawa su kankama, makaɗin maza yana kambama nasa yana ƙasƙanta na wani, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago a ƙasar Sakkwato. Wannan aiki shi ne aikin shantuwel a fagen kalinda. Ga jagora da 'yan amshi a nan da can. Ga zambo a nan, ga abin da suke kira "picong" a can. Ga kuma bikin kalankuwa na bayan girbi, wanda 'yan jaridar Hausa suka ari sunansa suna fassara Kanibal da shi.

Duk da haka bambancin ba ƙarami ba ne. M. G. Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo cewa waƙar yabo ta Hausa tana tafe ne da tsarin daraja da ubangida. Makaɗi yana da wanda yake yi wa kiɗa, ko sarki ko manomi ko mahauci ko maƙeri, sau da yawa kuma gado ya yi. Zambonsa inuwar yabonsa ne, yana sukar abokin hamayyar ubangida ko marowaci. Mawaƙin kalifso kuwa, tun daga zamanin rumfuna, abincinsa yana hannun masu sayen tikiti da faifai da alƙalan gasa, shi ya sa bakinsa ke iya kaiwa har kan gwamna. Idan ana neman takwaransa a ƙasar Hausa, ba a fada za a same shi ba. Sai a duba 'yan gambara da 'yan kama, da waƙoƙin tashe, da habaicin mata a wurin niƙa da daɓe, da mawaƙan jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a 1950, da kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya ɗauki kuntigi ya waƙe karen mota da sauran talakawa.

Ta fuskar tsari ma haka abin yake. Waƙar baka ta Hausa tana da gindi da ɗiya, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace, amsa-amo bai zama tilas a cikinta ba, kalangu kuma yana bin karin sautin harshe har ya yi magana. Kalifso ta ƙarni na 20 baitoci ce masu amsa-amo, a kan jita da ƙahonin Turawa da ƙaramar jitar Benezuwela. Abin da suka yi tarayya a kai, watau amshi da zuga da ba'a, ba na Hausa kaɗai ba ne. Yarbawa suna da waƙoƙin efe, Ewe na Gana suna da halo, Mandinka suna da jeli. Kama irin wannan tana nuna Afirka ta Yamma baki ɗaya, ba ta nuna Kano ba.

Abin sha'awa shi ne, wanda ya fi kowa jan kunne a kan wannan batu shi ne Smith ɗin nan. Haifaffen Jamaika ne, ya yi bincike a ƙasar Zazzau daga 1949, ya rubuta tarihin mulkin Kano, ya kuma yi nazarin tsibirin Kariyaku. A wata maƙala ta 1957 ya soki masu ganin Afirka a kowane abu na Karibiyan, ya nemi a riƙa tantance wace al'ada ce, daga wace al'umma, ta wace hanya. Mutumin da ya san gidajen biyu bai yi garajen ƙulla musu zumunci ba.

6.0 Inda Sawu Ya Fito

Mai neman sawun kiɗan Hausa a wajen ƙasar Hausa zai fi samunsa ta arewa, hanyar da ayarin Kano ke bi a da. A. J. N. Tremearne ya buga littafi a 1914 kan 'yan borin Hausa na Tunis da Tarabulus, da waƙoƙinsu a cikin Hausa. A kiɗan stambeli na Tunisiya an riƙe sunayen iskoki irin su Kure da Yarima da Mai Gizo. Wannan ita ce shaida: sunaye da yawa a tsari guda, a cikin aikin da aka san su da shi tun daga gida. Kalma ɗaya tilo mai juyayyar ma'ana ba ta kai nan ba.

Akwai kuma wani kwatanci da ya fi neman asalin kalma amfani, wanda ke nan a bakin ƙofa. Arewacin Kano ma ya yi zamanin gandayen bayi. Fanisau, inda Clapperton ya sadu da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824, ribaɗi ce da gandayen sarki da na attajirai suka kewaye, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011. Bayin rinji sun fito daga ƙabilu dabam-dabam, suna yi wa ubangiji aiki da safe, su koma gayaunarsu da yamma, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tambayar da ta dace ita ce, me baƙin da aka tara a gandu suka yi da waƙa a Fanisau, me kuma suka yi da ita a Tirinidad? Yaya mai rauni ke faɗa wa mai ƙarfi magana ba tare da an kama shi ba? Irin wannan kwatanci ba ya bukatar a ce wannan ya haifi wancan. Yana bukatar a san kowanne da kyau. Masana Tirinidad sun yi nasu, suna da faya-fayai tun na 1912. A nan kuwa gayya tana ja da baya a gaban ƙodago, injin niƙa ya kashe waƙar dutse, siminti ya kashe ta daɓe, birni kuma yana cin gonakin Ungogo. Littafin Ames da King na 1971 ya tattara sunayen kayan kiɗa da lokutan yinsu, amma matanin waƙoƙin ƙauye da yawa yana bakin tsofaffi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa da'awar fitowar "kaiso" daga "kaico" ta yi rauni a sauti, ta yi rauni a ma'ana, a tarihi kuma iyakarta ta nuna abin yana iya yiwuwa. Errol Hill ya cancanci yabo, domin a lokacin da ake kai asalin sunan ga harsunan Turai shi ya juya fuska ga Afirka. Laifin yana ga waɗanda suka mayar da hasashe ya zama hukunci. Malamin da zai kawo batun a aji ya kamata ya kawo shi a matsayin ra'ayi ɗaya cikin ra'ayoyi, ya kuma sa ɗalibai su gwada shi da ma'aunan nan uku. Sassan Hausa na jami'o'i da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuwa, aikin da ya fi gaggawa a gabansu shi ne tura ɗalibai ƙauyukan Bici da Ɗambatta da Minjibir su ɗauko waƙoƙin noma da na kalankuwa da na mata, da bayanin wanda ya yi su da wanda aka yi dominsa. Sai an san abin da ke cikin rumbun gida sa'an nan za a iya shaida hatsinsa in an gan shi a kasuwar wani gari.